A Cire Iya, A Bar Iya

Aikina a majalisa shi ne in rubuta abin da manya suka faɗa, ko da abin da suka faɗa bai kai a rubuta ba. Ofishinmu yana ƙarƙashin zauren ne, babu taga ko ɗaya. In sun buga tebur a sama, mu ɓawon fenti ke zubo wa a ka. Mu shida ne a ɗakin, kowa da abin sauraro a kunne da feda a ƙarƙashin ƙafa. In na taka, ɗan majalisa ya yi magana, in na ɗaga ƙafa ya yi tsit. A duk faɗin ƙasar nan mu kaɗai muke da ikon rufe musu baki, shi ma a faifai.

Da digiri na shigo wurin, mai daraja ta ɗaya a nazarin harshe, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Satina na farko na gyara wa abokan aiki alamomin rubutu a takardunsu ba tare da sun roƙe ni ba, tun ranar suka raɗa mini Waƙafi. Ban damu ba. Sunan ya fi nasu ma'ana.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ake kira Jan Biro. Shekara talatin da ɗaya yana duba rubutun majalisa, da rula a hannun hagu yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, jan biro a dama. Saura masa wata bakwai ya ajiye aiki. Babu takardar da ke hawa sama sai ta bi ta ƙarƙashin rularsa.

Shekara biyu da suka wuce majalisa ta kaɗa ƙuri'ar soke tsohuwar dokar kula da lafiya ta ƙasa. Suka ce ta tsufa, ta yi nauyi, za su kawo wadda ta fi ta. Suka yanka mata ranar mutuwa, ƙarshen watan tara bayan shekara biyu, wai kafin nan sabuwa ta kammala. Ni na rubuta tafin da aka yi ranar. Ga shi watan tara ya kama, sabuwar doka tana nan tsaye cak a sashe na goma sha bakwai, kan kalma guda.

Marasa rinjaye suna so a rubuta: “Gwamnati za ta ɗauki nauyin masu ciwon da ba ya warkewa.” Masu rinjaye suna so a rubuta: “Gwamnati za ta iya ɗaukar nauyin masu ciwon da ba ya warkewa.” Na farko wajibi ne. Na biyu ganin dama ne, kuma ma'aikatar lafiya ta riga ta faɗa a fili cewa in an bar mata zaɓi, ba ta da halin wankin ƙoda.

Mahaifiyata tana wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin, Laraba da Juma'a, da katin tsohuwar doka. Kuma tun ina goye duk layinmu Iya ake kiranta, har mai kawo mana takardar wuta.

Ranar wata Laraba na nemi izinin rabin yini na raka ta asibiti. Kujera ta huɗu ce tata, kusa da taga. Tela ce kafin ƙafafunta su fara kumbura, shi ya sa take kiran na'urar wankin ƙodar da “kekena”, kamar keken ɗinki. Ta miƙa hannu, Sista mai kula da ɗakin ta soka mata allurai biyu, jini ya fara zagaye cikin robobi. Wani tsoho a kujera ta biyu ya kunna ƙaramar rediyonsa, ana watsa zaman majalisa kai tsaye.

“A cire iya!” in ji wata murya.

“A bar iya! Wallahi iya ba ta zuwa ko'ina!”

“Iya ce matsalar dokar nan tun farko!”

Iya ta buɗe ido ta dube ni.

“Akawu,” haka take kirana tun da na samu aikin, “me na yi wa mutanen nan? Ni ko ƙofar gidansu ban sani ba.”

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Sista ta dafa ƙarfen gado.

“Iya, ai kin yi suna,” in ji tsohon. “Wata uku ke nan ke kaɗai ake tattaunawa a ƙasar nan.”

“To waɗanne ne nawa? Masu cewa a bar ni ko?”

“A'a,” na ce. “Masu cewa a cire ki su ne naki. In an bar iya a takarda, ke za a cire daga kujerar nan.”

Ta juya maganar, sannan ta ce, “Kai, boko bai yi ba. Masoyinka shi ne mai cewa a cire ka.” Ta nuna kwalbar ruwanta mai zanen biro a tsakiya, iyakar abin da aka yarda ta sha a yini. “Miƙo mini in jiƙa harshe. Kuma in kin koma ki gaishe su, ki ce Iya ta ji.”

Na yi dariya tare da su don kar a ce 'yar boko ta cika ɗaure fuska. Amma ni na san abin da ba su sani ba. Ni nake jin faifan har ƙarshe, har wurin da ake mantawa a kashe makirufo. Na ji jagoran masu rinjaye, bayan ya gama rantsuwa da tada jijiyar wuya, yana tambayar jagoran marasa rinjaye yaya gwiwar uwargida, likitan can waje ya yi ƙoƙari kuwa? Wannan ba ya shiga rubutu. Dokar aikinmu ta ce abin da aka faɗa bayan an buga guduma ba magana ba ce.

Haka muka yi ta tafiya. Kullum na zauna na buga kalmar nan sau ɗari, sau ɗari biyu. An kawo masana shari'a sun yi kwana biyu suna bayani. An kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Wani ɗan majalisa ya ba da shawarar a sa kalmar cikin baka biyu kowa ya karanta yadda ransa ke so, aka yi awa guda ana duba shawarar. A gida kuma Iya ta daina tambayata. In na dawo ta dubi fuskata kawai ta ce, “Suna nan dai da ni?” In ce suna nan.

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan, da misalin ƙarfe biyu, sakataren kwamiti ya sauko ɗakinmu da gumi, riƙe da takardu masu ƙazamin gyara.

“An daidaita!” ya ce. “An bar iya. Marasa rinjaye sun samu kujeru uku a hukumar gudanarwa, sun haƙura. Gobe da safe za a ajiye a gaban zaure, a ɗauka an karanta, a kaɗa ƙuri'a da murya. Ina son kwafi mai tsabta kafin a tashi. Wa ya fi sauri?”

Kowa ya nuna ni.

Kujeru uku. Da su aka sayar da kujera ta huɗu ta kusa da taga. Na karɓi takardun, na zauna na fara bugawa. Sashe na ɗaya, na biyu, na goma. Shekara huɗu ina wannan aikin, na san abu guda da babu wanda zai musa mini: ba sa karantawa. Doka mai shafi casa'in, a miƙa musu da safe, kafin azahar sun ce “mun amince.” Abin da ke cikin kwafin da aka ajiye a gaban zaure, aka buga wa guduma, shi ne doka. In ma daga baya suka farga, gyara zai koma kwamiti, kuma na ga yadda kwamitinsu ke tafiya. Iya za ta samu shekara, watakila biyu.

Da na iso sashe na goma sha bakwai na buga shi yadda suka rubuta. Na dube shi. Na mayar da ɗan sandan rubutun baya, na danna gogewa sau huɗu. Haruffa uku da tazara ɗaya. Har yau ban ji kunyar abin da na yi ba. Na ƙarasa sauran shafukan, na fitar, na kai wa Jan Biro.

Na koma kujerata na saƙala abin sauraro ba tare da na taka feda ba. Ina jin rular tana sauka a hankali, shafi bayan shafi. Abokan aiki suka fara tattara jakunkuna. Wajen ƙarfe biyar saura mu biyu, sai rular ta tsaya.

“Waƙafi.”

“Na'am, Baba.”

“Zo nan.”

Na je na tsaya a gaban teburinsa, kaina a sama.

“Kin manta iya,” ya ce, bai ɗago ba.

“Ban manta da ita ba.”

Sai a lokacin ya cire tabarau ya dube ni. Ya san inda nake zuwa duk Laraba. Shi yake sa hannu a takardar izinin.

“Karanta mini layin. Da ƙarfi.”

Na karanta. “Gwamnati za ta ɗaukar nauyin masu...” Na tsaya. Kunnuwana suka yi zafi.

“Za ta ɗaukar,” ya maimaita. “Za ta ɗaukar! Wace makaranta ce ta ba ki digirin nan, in je in karɓo wa mahaifiyarki haƙƙinta? Kin cire ƙafa ɗaya kin bar jimla tana ɗingishi. Ko ɗan majalisa, in tsautsayi ya sa idonsa ya faɗa nan, sai ya ji wani abu ya ɓace.”

Ni da nake gyara wa mutane waƙafi. Da ya ce zai kai ni gaban hukuma da ya fi mini sauƙi.

“Baba, ka rubuta rahotonka. Ni na yi, da gangan na yi, kuma in an tambaye ni haka zan faɗa.”

“Wa ya tambaye ki jawabi? Jawabi a sama ake yinsa.”

Ya ɗauki jan biron. Na zuba ido ina jiran ya cusa kalmar a mazauninta da 'yar alamar nan tasa mai kama da ƙugiya. Ya daɗe biron na rataye a kan takardar. Sannan ya ja layi a kan “ɗaukar”, ya rubuta “ɗauki” a samansa, da kyakkyawan rubutunsa na mutanen da.

“Aikina gyaran nahawu ne,” ya ce. “Na ga kuskuren nahawu, na gyara. Je ki sake fitar da shafin.”

“Baba, saura maka wata bakwai.”

“Na iya lissafi, 'yata. Je ki.”

Na sake fitar da shafin, ya sa hannu a ƙasan kowace takarda, aka kai wa masu buga kwafi. Da na koma gida ban gaya wa Iya ba. Na dai zauna na matsa mata ƙafafu fiye da kullum, har ta ce, “Yau kuma wane laifi kika yi?”

Ranar Juma'a layina ne na zama a zaure, a ƙaramin teburin da ke ƙasan kujerar Kakaki. Na sa mayafina mafi kyau. Tun kafin su shigo an jera kwafin dokar a kan kowane tebur, fari fes, da sashe na goma sha bakwai a shafi na ashirin da shida. Iya tana kan kekenta a lokacin, na san rediyon tsohon nan a kunne take.

Kakaki ya kira shugaban kwamiti ya gabatar da rahoto. Bai kai ga buɗe baki ba mataimakinsa, na ɓangaren marasa rinjaye, ya miƙe. Ya ce an yi yarjejeniya tare za su gabatar, kuma a bangon rahoton an sa sunansa a ƙasa da ƙananan haruffa. Shugaban kwamiti ya ce mataimaki ai ƙasa yake zama. Wani daga baya ya ce a janye wannan kalma. Aka ce ba za a janye ba. Na rubuta duka. Minti arba'in ana kan girman haruffan bango, babu wanda ya ɗaga bangon.

Sai jagoran marasa rinjaye ya tattara rigarsa ya ce ba za su zauna a ci mutuncinsu ba. Suka fice a jere. Cikin masu rinjaye kuma akwai wasu goma sha da tun asali ba sa son a yi wata sabuwar doka ko kaɗan, su ba su ma zo ba. Wani ya ce a ƙirga. Aka ƙirga, adadin da ake buƙata bai cika ba, saura mutum uku. Aka kaɗa ƙararrawa, aka jira, aka sake ƙirgawa. Saura huɗu, ɗaya ya fita amsa waya.

Kakaki ya duba agogo ya ce bisa jadawali yau majalisa ke tafiya hutun mako shida. Ya yi wa kowa fatan isa gida lafiya. Ya buga guduma.

Na zauna har zauren ya watse. Wani ya yi fifita da kwafinsa ya bar shi a lanƙwashe. Wani ya ɗora kofin shayi a kan nasa, ya bar zobe. Masu shara suka shigo da babban buhu.

A lif na haɗu da jagororin biyu, suna dariyar wani abu. Na masu rinjaye ya ce, “Yarinya, danna mana ƙasa.”

Na danna. Na ce, “Ranka ya daɗe, ka karanta sashe na goma sha bakwai kuwa?”

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi katin aikin da ke wuyana. “Mu muka rubuta shi, me za mu karanta?”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Yaran yanzu akwai baki,” in ji ɗayan, da fara'arsa. “Ki ci gaba da sha'awar harkar doka, kin ji? Ƙasa na buƙatar irinku.”

Ƙofa ta buɗe, direbobinsu na tsaye.

Ranar Litinin, ɗaya ga wata, na raka Iya asibiti kamar babu abin da ya faru, don ban ga dalilin da zan sauƙaƙa wa kowa ba. In za a kore mu, a kore mu ido da ido. Sista ta karɓi katin ta goga a na'urar teburinta. Ta sake gogawa. Ta goge shi da gefen rigarta ta sake, alhali ta san ba datti ba ne.

“Takarda ta zo tun Asabar,” ta ce da ni ƙasa-ƙasa. “Babu dokar da katin ke tsaye a kanta. Duk masu irinsa an sauke su daga jeri. An cire Iya.”

Iya tana bayana a kan benci, kunnenta kuwa garau yake.

“To,” ta ce, “ai dama kin ce masu cewa a cire ni su ne nawa. Ga shi nawa sun ci.”

Babu wanda ya yi dariya. Tsohon mai rediyo yana zaune a ƙarshen bencin da nasa katin a hannu. Ta ƙofar da ke buɗe ina hango kujera ta huɗu, an shimfiɗa mata sabon zani, na'urar a kashe.

Abin da ya biyo baya ba zan ƙawata shi ba. Mun sayar da keken ɗinkinta na gaske don a ɗora ta a kan ɗaya keken, ya kai mu 'yan kwanaki. Daga sau uku a mako muka koma sau ɗaya, daga nan sai in an samu. Na rubuta wa ma'aikatar lafiya wasiƙa huɗu, babu kuskuren waƙafi ko ɗaya a ciki, aka amsa guda, aka ce ana jiran majalisa. Na je ofishin ɗan majalisar mazaɓarmu na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ban yi kuka a gaban kowa ba, ban kuma durƙusa wa kowa ba, ko da yake da na san durƙuson zai yi aiki da na yi. Zanen biron da ke jikin kwalbar ruwa na yi ta sauko da shi ƙasa da hannuna. Ƙafafunta suka cika, sannan cikinta, sannan numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, sai muka jingina ta da matasai uku.

A mako na huɗu na gaya mata abin da na yi, har da “za ta ɗaukar”. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Duk karatun nan, Akawu? Ni da ban yi aji ɗaya ba ba zan ce za ta ɗaukar ba.” Da numfashinta ya dawo ta ce, “Amma kin cire ni da hannunki. Madalla. Ki kai wa dattijon nan gaisuwata.”

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, saura kwana tara majalisa ta dawo.

Da suka dawo aka ce rahoton kwamiti ya faɗi tunda ba a gabatar da shi kafin hutu ba, yarjejeniyar kujeru uku ma ta rushe, sai a koma farko. Zaman farko, minti na goma sha biyu a faifai, na taka feda.

“A cire iya!”

“A bar iya!”

Na ɗaga ƙafa, suka yi tsit. Na daɗe ban sake takawa ba. Abokan aiki suna satar kallona, wata ta ce in kawo ta karɓar mini faifan. Na ce nawa ne.

Na buga zaman duka, shafi talatin da takwas, na kai wa Jan Biro. Rular ta sauka, ta tsaya a layin farko da kalmar ta fito. Na rubuta ta da babban harafi. A cire Iya. A bar Iya. Gwamnati za ta Iya. Ko'ina, sau ɗari da sittin da uku.

“Waƙafi, wannan ba suna ba ne.”

“Suna ne, Baba.”

Ya dubi takardar, ya rufe jan biron da murfinsa, ya matsar da rular zuwa layi na gaba.

Yau wata biyar ke nan. Suna kan sashe na goma sha bakwai. Kowane zama ana ɗaure rubutunsa da bango mai kauri a kai ɗakin ajiya na ƙasa, da hatimin majalisa a kai, kuma a kowane shafi sunan mahaifiyata na nan tsaye da babban harafinsa. Har yau babu wanda ya sauko daga sama ya tambayi dalili.